Yadda ake cin hutun Kirsimeti da iyali a Kuala Lumpur

Shekara biyar na yi a Malesiya ina karatu, kuma babu Disambar da ta wuce ban yi baƙi ba. Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar waje ya san zancen. Da an ba yara hutun Kirsimeti sai waya ta fara ƙara: wane zai zo da iyalinsa, ka nema musu masauki, ka je filin jirgi ka tarbo su. Na tarbi 'yan uwana Musulmi da suka zo shan iska kawai, na tarbi abokaina Kiristoci daga Kaduna da Jos da suka zo yin bikin a can. Kusan dukkansu wuri ɗaya suke yin tuntuɓe, wato kwana biyun farko. Ni da nake zaune a garin ma a nan na kwafsa, kuma tawa kwafsawar ta fi tasu tsada. Zan zo kanta.

Mataki na farko: takardu, tun watan Oktoba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai fasfon Najeriya sai da biza yake shiga Malesiya, kuma ofishin jakadancinsu yana Abuja. Ka fara nema tun Oktoba, kada ka biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa kafin bizar ta fito. Fasfon kowa, har na jariri, ya zama yana da sauran wata shida aƙalla daga ranar da za ku sauka. Na yara ne ake mantawa a duba, domin uba yakan duba nasa ya ɗauka na kowa haka yake.

Abu biyu ne ke mayar da mutane baya. Na farko katin rigakafin shawara, wannan ruwan ɗorawar. Najeriya na cikin ƙasashen da Malesiya ke neman katin daga wurinsu, kuma ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma a jiki. Wanda aka yi wa allura ana jibi tafiya, katinsa takarda ce kawai. Na biyu katin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet, wanda suke kira MDAC. Ana cike shi cikin kwana uku kafin isa, kowane mutum da nasa, kuma kyauta ne. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ba na hukuma ba ne.

Sai wani abu da mutanenmu ba sa lura da shi. Singafo na maƙwabtaka, akwai motocin bas da ke zuwa can kullum, sai mai gida ya ce ai tunda mun zo bari mu leƙa. Singafo tana da tata bizar daban, sannan idan bizarka ta shiga sau ɗaya ce, da ka fita shi ke nan. Ka cire wannan daga lissafi tun daga gida.

Kada ka sa kilishi ko dambun nama a jaka. Magunguna kuma ka bar su a kwalinsu tare da takardar likita. Malesiya ba ta wasa da zancen ƙwaya, dokarta har hukuncin kisa ta tanada. Saboda haka saƙon da wani zai ba ka a filin jirgi ka kai wa ɗansa, ko shi wane ne, ka buɗe a gabansa ko ka ba shi haƙuri.

Mataki na biyu: jirgi da masauki

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Kuala Lumpur. Ana ya da zango ne a Doha, ko Adis Ababa, ko Santambul, ko Dubai. Da jira da komai, ka ba tafiyar yini ɗaya cur. Idan kana da zaɓi, ka ɗauki wanda zai sauke ku da yamma, ko da ya ɗan fi tsada. Za ka ga dalili nan gaba. Ni a ra'ayina a isa tsakanin 19 da 21 ga Disamba, a yi kwana goma. Ƙasa da kwana takwas asarar kuɗin jirgi ce.

Filin jirgin yana Sepang, wajen kilomita 50 kudu da birnin. Akwai jirgin ƙasa mai sauri, KLIA Ekspres, da ke kai mutum tashar KL Sentral cikin kusan rabin awa a kan ringgit 55 (kuɗin Malesiya) ga babba. Ga mutum ɗaya da 'yar jakarsa ya yi. Ga ku shida da akwatuna takwas bai yi ba, domin in kun sauka a tashar sai kun sake neman mota. Ka sauke manhajar kiran mota ta Grab a wayarka tun kana gida, ka kira babbar mota mai kujera shida, ta kai ku har ƙofa. Layin waya kuma ka saya a filin jirgin da fasfonka kafin ku fito.

Masauki kuwa, ban yarda da otal ba ga mai yara. Ɗaki biyu za a ce ka kama, a ƙara maka harajin baƙi ringgit 10 kowane dare a kan kowane ɗaki, sannan ko ruwan zafin kunun yaro sai ka roƙa. Ka nemi gidan haya na kwanaki mai ɗaki biyu ko uku, da madafa, da injin wanki. Kuma ya zama a tsakiyar gari, wato unguwar KLCC ko Bukit Bintang ko kusa da KL Sentral, inda za ka taka da ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa cikin minti biyar. Akwai gidaje masu araha a Cyberjaya da Kajang da sauran unguwannin da ɗalibanmu ke zama, kuma ɗan'uwanka ɗalibi can zai ja ka. Abin da ka rage a haya a mota za ka biya shi, da ƙarin awa biyu a cunkoso kowace rana.

Kuɗi: ka taho da dala, 'yan ɗari-ɗari sababbi marasa tabo. Naira ba ta canzuwa a can. A filin jirgi ka canza kaɗan na mota da abincin dare, sauran ka bari sai ka shiga gari, masu canji na cikin manyan kantuna sun fi sayen dala da daraja.

Mataki na uku: kwana biyun farko ba naka ba ne

Ga inda na kwafsa. Shekarar da yayana ya zo da matarsa da yara huɗu, na zauna na tsara musu komai a takarda, ranar kaza wuri kaza, don a mori kuɗin jirgi. Sun sauka da asuba. Na riga na saya musu tikitin hawa tagwayen benayen Petronas na ƙarfe goma na safen washegari, tikiti mai lokaci, wanda in ka makara ya wuce ka. Da suka isa gida na ce su ɗan kwanta. Suka kwanta ƙarfe tara na safe, ba su farka ba sai bayan la'asar. Da dare kuwa ido ya bushe. Ƙarfe uku na dare ƙaramar tana tsalle a kan kujera tana neman taliya, manyan suna faɗa a kan rimot. Barci bai ɗauke su ba sai da aka kira asuba. Ƙarfe tara na shigo da mota, na tarar da gida tsit kamar an yi shara. Yayana ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Don Allah ƙyale mu." Matarsa ko motsi ba ta yi ba. Tikitin mutum shida ya bi ruwa, kuma sauran ranakun makon duk an saye.

Laifina ne, domin na manta lissafin da ni kaina na sha wuyarsa lokacin da na fara zuwa. Malesiya tana gaban Najeriya da awa bakwai. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare a Kuala Lumpur, jikin yaronka ƙarfe huɗu na yamma yake gani, lokacin ƙwallo. Ƙarfe tara na safe kuma jikinsa ƙarfe biyun dare yake. Babba zai iya cijewa ya sha shayi ya fita. Yaro ɗan shekara huɗu ba zai cije ba, kuka zai yi a tsakiyar kanti, uwarsa ta hasala, kai ma ka hasala saboda kuɗin da ka kashe, a dawo gida ba mai yi wa wani magana.

Abin da na koma yi wa baƙina daga baya ke nan, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Ranar sauka, in da rana aka iso, ba wanda zai yi barcin da ya wuce awa biyu. Ka sa ƙararrawa, ka tashe su ko suna harararka. A yi wanka, a fita waje inda rana take. Hasken rana ne ke gyara agogon jiki, zaman ɗaki da labule a sake kuwa ƙara rikita shi yake yi. Filin shaƙatawa na KLCC, a gindin tagwayen benayen, shi ne maganin wannan: kyauta ne, akwai wurin wasan yara babba, akwai tafkin da ruwansa bai kai gwiwa ba inda yara ke facal-facal, da dare kuma a kunna ruwa mai rawa da fitilu. Su gaji liƙis. Ƙarfe goma kowa ya kwanta, a ƙwace wayoyi. Shi ya sa na ce jirgin yamma ya fi: kun iso a gajiye, dare ya yi, sai kwanciya.

Duk da haka za su farka tsakar dare. Ka tanadi burodi da madara da ayaba a gida tun da yamma, a ci a hasken da bai da ƙarfi, a koma. Kada a kunna talabijin. Washegari ka tashe su ƙarfe tara, jibi ƙarfe takwas. A rana ta uku za ka ga sun dawo mutane.

A waɗannan kwana biyun kada ka sayi tikitin komai mai lokaci. Kada ka yi alƙawarin ziyara da kowa da safe. Kada ka shirya tafiyar da ta wuce minti ashirin daga masauki. Tikitin Petronas ka saya ta intanet tun makonni kafin tafiya, amma na rana ta huɗu ko ta biyar, kuma na yamma. Lokacin da nake can ba sa buɗewa ranar Litinin. Ana tsayawa da ku a gadar da ta haɗa benayen biyu a hawa na 41, sannan a wuce hawa na 86. Tsayin ginin mita 452, kuma shi ne mafi tsayi a duniya daga 1998 zuwa 2004. Yanzu a cikin garin ma ginin Merdeka 118 ya shanye shi, da kusan mita 679, za ku hango shi daga sama.

Masu sallah su lura da wani abu. Agogon Malesiya ya ɗan yi gaba da rana, don haka a Disamba asuba wajen ƙarfe shida saura take shiga, rana ba ta fitowa sai bayan bakwai, azahar bayan ƙarfe ɗaya, magariba bayan bakwai. Wurin sallah ba matsala ba ne, kowane babban kanti da tasha suna da ɗakin sallah, ka nemi allon da aka rubuta surau.

Mataki na huɗu: ka tsara yini da ruwan sama

Ka baro hunturu da ƙura a gida, to a can damina za ka tarar. Ka bar rigunan sanyin a Kano. Zafi ne mai gumi, wajen digiri 32 da rana, sannan yawancin ranaku da la'asar hadari ya haɗu, a sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, da tsawa mai firgita yara. In aka fara, titi ya cushe, kuɗin Grab ya ninka. A Disambar 2021 ruwan ya wuce misali har unguwanni a Shah Alam, wani birni kusa da Kuala Lumpur, suka nutse, don haka ka riƙa duba hasashen yanayi.

Dokata ita ce: waje da safe, cikin gini da yamma. Kogon Batu da safe sosai, kafin rana ta ɗaga, domin matakala 272 ne. Wurin bautar Hindu ne, mata su rufe gwiwa, kuma birai na fizge duk abin da ke cikin leda, kada ka bar yaro ya riƙe abinci a hannu. Tsohuwa ko mai ciwon gwiwa ta zauna a ƙasa, babu abin da ta rasa da ya kai wahalar. Gidan tsuntsaye da ke lambun Perdana shi ma na safe ne, daga nan a gangara Masallacin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1965, a yi azahar, a shiga gidan tarihin fasahar Musulunci da ke kusa da shi lokacin da hadari ya taso. Wannan gidan tarihin, a wurina, ya fi duk wani abin da ake biyan kuɗi a kalla a garin, musamman ɗakin tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu da ƙananan siffofin masallatan duniya. Sauran yammacin akwai gidan kifaye na Aquaria da cibiyar kimiyyar yara ta Petrosains, duka a KLCC. Tsakanin KLCC da kantin Pavilion kuma akwai doguwar hanyar ƙafa a sama mai rufi, ko ɗigon ruwa ba zai taɓa ku ba.

Wuri ɗaya babba a rana ya isa. Yaran Malesiya da na Singafo su ma suna hutu a lokacin, ko'ina layi ne. Ka sayi katin Touch 'n Go na shiga jiragen ƙasa, kowa da nasa. Wasu jiragen suna da taragon mata zalla, kada ka bi Maman yara ciki. Ka shafa wa yara maganin sauro da rana, saboda sauron zazzaɓin dengi da rana yake cizo.

Mataki na biyar: ciki

Ƙasar Musulmi ce, amma ba kowane gidan abinci ne halal ba. Ka nemi tambarin halal na hukumar JAKIM a ƙofa. Inda aka rubuta cewa ba sa dafa alade, wannan ba shaidar halal ba ce, suna iya sayar da giya ko su zuba ta a girki. Titin Jalan Alor da kowa ke ɗauka a hoto, yawancin rumfunansa na 'yan Sin ne, akwai alade. Ka je ka kalli fitilu, ka ci abincinka a Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da ke tsakiyar birni.

Wanda zai cece ka kullum shi ne mamak, gidajen abincin Indiyawa Musulmi, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Roti canai da shayin madara da suke kira teh tarik, ban taɓa ganin yaron da ya ƙi su ba. Ka ce kurang manis, wato a rage siga, in ba haka ba zuma za a kawo maka. Satay kuwa ɗan'uwan tsire ne, sai dai nasu gyaɗar miya ake yi da ita a tsoma, kuma da zaƙi-zaƙi. Wannan zaƙin shi ke gundurar mutanenmu a rana ta huɗu, miya da siga, yaji da siga. Ka taho da yajinka na gida a kwalba a rufe, da garin kuka da kuɓewa busasshiya. Kasuwar Chow Kit akwai kaza da tumatir da albasa da ƙananan barkono masu zafin tsiya. Duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya da wari, ku ɗanɗana a bakin titi ku wanke hannu. Kada ka shigo da shi masauki, yawancinsu sun hana, wasu har tara suke ci.

Mataki na shida: ranar kanta

Ranar 25 ga Disamba hutun gwamnati ce a Malesiya, amma kantuna da gidajen abinci a buɗe suke. Bikin a garin nan na manyan kantuna ne. Pavilion da Suria KLCC da Mid Valley kowanne yana ƙawata tsakar gidansa da bishiyoyi da fitilu tun watan Nuwamba, kallo kyauta. Ku je ranar aiki da zarar an buɗe ƙarfe goma na safe, ku yi hotonku cikin natsuwa. Daren jajibere kada ka kusanci Bukit Bintang da ƙananan yara. Turmutsutsu ne, matasa na fesa wa mutane kumfa, mota ba ta motsi.

Ga masu zuwa coci, Katolika akwai majami'ar St John a Bukit Nanas, Angilika kuma St Mary a gefen dandalin Merdeka, ginin 1894. Duka suna yin sujada da Turanci. Ka duba lokutan a shafinsu kwana biyu kafin ranar, ka isa da rabin awa a hannu, in ba haka ba a tsaye za ku yi ta a waje. Abokina na Jos da matarsa, daga coci gida suka dawo ta dafa shinkafa da miyar kaza, muka haɗu mu goma sha ɗaya a falo, yara a ƙasa. Abin da aka kashe bai kai kuɗin mutum biyu a liyafar Kirsimeti ta otal ba. Wani amfanin madafar ke nan.

Sauran kwanakin

Melaka awa biyu ce a bas daga tashar TBS. Turawan Fotugal sun ci garin a 1511, kuma har yau jikokinsu suna da unguwarsu a bakin teku, inda suke ƙawata gidaje da fitilun Kirsimeti. Ku kwana ɗaya, kada ku yi zuwa da dawowa. Genting kan dutse ne, akwai sanyi da motar igiya, amma a makon nan layinsa ba ya ƙarewa, hazo kan rufe komai, kuma akwai gidan caca a tsakiyar wurin. Ni tsallake shi nake yi. Tsibiran gabas irin su Perhentian da Redang a rufe suke a wannan lokacin saboda iska da igiyar ruwa, kada hoton intanet ya ruɗe ka. In yara sun dage sai wasan ruwa, Sunway Lagoon, ranar aiki, da safe.

Tsaraba a bar ta sai kwana biyun ƙarshe: mayafai da yadi a titin Tuanku Abdul Rahman da Masjid India, kayan waya a Low Yat. Ka sayi ɗan sikelin rataye ka auna akwatuna a gida, domin kuɗin ƙarin kaya ya fi kuɗin mayafan. Ku bar masauki awa huɗu kafin jirgi, in da hadari awa biyar. Kuma ka sa ranar dawowa ta zama aƙalla kwana uku kafin a koma makaranta, domin a satin farko yaran ƙarfe ukun dare za su riƙa tashi suna neman karin kumallo.